MILDRED BURKE, MATAR DA TA RIƘE SARAUTAR KOKOWA SHEKARA 17 A AMURKA

Hausawa na cewa ƙarfin mata sai yawan magana. A wannan wata mun kawo maku labarin wata mata ta ƙasar Amurka wadda ta ƙaryata wannan karin magana da damtsenta. Sunanta Mildred Burke. Kokowa ce sana'arta. Da ita ta ci, da ita ta sha, da ita ta yi renon ɗanta. Ta riƙe sarautar kokowar mata ta duniya tun daga 1937 har 1954, watau wajen shekara 17. Ta tara ma wasu dukiya mai yawa, amma ranar rabo da ƙyar ta tsira da sunanta. Ga yadda abin ya faru.

KOKOWARSU DABAN DA TAMU

Kafin mu shiga labari, ya kamata mu san irin kokowar da ake magana. Tamu kowa ya san ta: fage na rairayi, makaɗa da maroƙa, kuma da zaran an kai mutum ƙasa, magana ta ƙare. Ta Amurka bisa dandamali ake yin ta, mai kusurwa huɗu, an kewaye shi da igiya uku. Faɗuwa kaɗai ba ta isa kaye ba. Sai an danne kafaɗun mutum biyu ga ƙasa, alƙali ya ƙirga ɗaya, biyu, uku. Ko kuwa a murɗe mashi hannu ko ƙafa har ya ce ya sallama. A manyan wasanni na wancan zamani, wanda ya yi kaye biyu cikin uku shi ya ci.

Abu na biyu, wannan kokowa sana'a ce ta neman abinci. Ƴan kallo na biyan kuɗɗin shiga, ƴan wasa na bin gari gari rani da damina. Abu na uku shi ne ya fi ban mamaki: masu shirya wasa su ke tsara tun da wuri wanda za ya ci da wanda za ya faɗi, don wasa ya yi armashi, jama'a su sake dawowa mako mai zuwa. Amma kada ku ce wasan yara ne. Ɗaga mutum sama a buga shi da katako, wannan gaskiya ne. Karaya da targaɗe gaskiya ne. Kuma wanda aka ba sarauta tilas ya iya kokowa ta ainihi, don wata rana abokin karawa na iya saɓa alkawari bisa dandamali, ya nemi kada shi da gaske gaban dubban mutane. Ku riƙe wannan magana, za mu komo kanta.

TASOWARTA

An haifi Mildred ran 5 ga watan Agusta 1915 a garin Coffeyville, cikin jihar Kansas, ƙasar noman alkama a tsakiyar Amurka. Sunan gidansu Bliss. Gidan talakawa ne. Tana da shekara 15 ta bar lakwal, ta kama aikin raba abinci a wani gidan cin abinci na jihar Niyu Meksiko, a yankin Zuni, ɗaya daga cikin kabilun da Turawa suka iske a Amurka. Ba ta cika shekara 20 ba ta yi aure, suka koma birnin Kansas Siti. Mijin nan ne ya fara kai ta kallon kokowa. Tun daga wannan dare abin ya shiga ranta.

Auren bai yi ƙarko ba. Mijin ya tafi ya bar ta da ciki. Lokacin kuwa Amurka na cikin baƙar wahala. Tun 1929 kasuwa ta karye, bankuna sun rufe, miliyoyin mutane ba su da aiki. Daga baya fari da guguwar ƙura suka afka ma gonakin Kansas da jihohin da ke maƙwabtaka da ita, manoma suka riƙa barin garuruwansu. Mildred ta koma taya uwarta aiki a ɗan ƙaramin gidan abincin da ta ke riƙe da shi.

Cikin masu zuwa cin abinci akwai wani tsohon ɗan kokowa, sunanshi Billy Wolfe, wanda ya girme ta da shekara 19. Yana koya ma samari kokowa a garin. Mildred ta dame shi da roƙo ya koya mata. Ya dube ta, ƴar guntuwa, tsawonta mita 1 da santimita 57, nauyinta bai kai kilo 60 ba, ya ƙi. Da ta matsa mashi, sai ya yi dabarar da za ta sa ta bar maganar har abada. Ya sa wani yaronshi ya ɗaga ta ya buga da ƙasa. Yadda ita kanta ta riƙa ba da labarin, ita ta ɗaga yaron ta buga shi da ƙasa, aka sake, ta sake kada shi. Nan Billy Wolfe ya gane ya tsinci dami a kala. Ya karɓe ta, ya canza mata suna zuwa Mildred Burke, daga baya kuma ya aure ta.

KARAWA DA MAZA

A 1935 babu mata ƴan kokowa da yawa da za ta kara da su. Saboda haka suka shiga ayarin masu wasanni da ke yawo daga wannan gari zuwa wancan, suna kafa tanti a bakin kasuwa. Mai shela ya tsaya ƙofar tanti yana kira: duk namijin da nauyinshi bai ɗara nata da yawa ba, in ya danne ta cikin minti 10, za a ba shi dala 25. Dalar Amurka ake nufi, ba dalarmu ta tamma biyar ba. A wancan zamani dala 25 ta fi abin da lebura da yawa ke samu cikin mako guda.

Samarin ƙauye suka riƙa fitowa, abokansu na yi masu kirari, suna ganin kuɗɗin banza ne. Amma ƙarfi daban, gwaninta daban. Mildred ta san inda za ta kama, ta san yadda za ta sa nauyin mutum ya kada shi da kanshi. Tana da wani kamu nata da ake kira riƙon kada: ta naɗe mutum, ƙafafunshi su komo bisa kanshi, ta zauna a kai da dukan nauyinta har alƙali ya gama ƙirga. An ce ta kara da maza wajen 200 cikin shekarun nan, sau ɗaya tak aka ci ta.

Wannan makaranta ce ta gina ta. A cikin tanti ba a tsara wanda za ya ci. Baƙon da ya fito daga cikin taro da gaske ya ke yi, kuma kunyar a ce mace ta kada shi tana ƙara mashi zafi.

SARAUTA

A lokacin akwai wata mata mai suna Clara Mortensen wadda ake ɗauka ita ce sarauniyar kokowar mata. Sun gamu da Mildred sau da yawa a garuruwan kudancin Amurka. A watan Janairu 1937, a garin Chattanooga na jihar Tenesi, Mildred ta kada ta, ta karɓi sarauta. Tana da shekara 21. Aka yi mata ɗamara ta musamman, da hotonta a tsakiya.

Daga nan tauraronta ya haska. A ƙarshen 1941 Amurka ta shiga yaƙin duniya na biyu, aka kwashi samari zuwa soja, cikinsu har da ƴan kokowa da yawa. Masu shirya wasa suka ga mata na cika masu zaure, suka riƙa neman su. Mildred ta yi wasa a Amurka, da Kanada, da Meksiko, da Kuba. Jaridu suka riƙa buga hotonta ta ɗaga damtse. Tana shiga dandamali da tufafi masu walƙiya, a waje kuma tana ado da lu'ulu'u. An ce a shekarunta na ganiya wasanta na kawo mata dala 50.000 a shekara, abin da manyan ƴan wasa maza kaɗan ne ke samu a lokacin.

Amma bayan walƙiyar akwai wahala. Kusan kowane dare akwai wasa a wani gari. A gama wasa, a shiga mota, a kwana bisa hanya. Hancinta ya karye, gwiwarta ta lalace. Ƴan kokowar zamanin har amodari su ke ɗauka daga shimfiɗun dandamali marasa tsabta, wasu ma idonsu ya tafi. Bayan haka, jihohi da yawa sun hana kokowar mata da doka. Jihar Niyok, inda kuɗɗi suka fi yawa, ba ta ɗage hanin ba sai 1972. Watau Mildred ta yi sarautarta ta gama ba ta taɓa yin wasa ba a Madison Square Garden, zauren da ya fi kowane suna a ƙasar.

KURA DA SHAN BUGU

Billy Wolfe ya kafa sansaninshi a garin Kolumbus na jihar Ohayo. Sunan Mildred ya jawo ƴan mata daga ko'ina suna son koyon sana'ar, har ya tara wajen 30. Duk mai shirya wasa da ke son mata a zaurenshi, sai ya bi ta hannun Wolfe. Cikin waɗanda suka fito daga wannan sansani akwai Mae Young, da Nell Stewart, da June Byers. Akwai kuma baƙaƙen fata, a zamanin da wariyar launi ke da ƙarfi a kudancin Amurka, har baƙi ba su kwana otel ɗaya da farare. Uku daga cikinsu ƴan uwa ne, uwa ɗaya uba ɗaya: Babs Wingo, da Ethel Johnson, da Marva Scott. Babs Wingo ta kara da Mildred kanta gaban taro mai yawa.

Sai dai kura da shan bugu, gardi da amsar kuɗɗi. Kowane wasa aka yi, Wolfe na cire kasonshi mai tsoka kafin ƴan wasa su ga nasu. Harakar duka da sunanshi ta ke tafiya. Shi ke magana da masu shirya wasa, shi ke cewa wance za ta ci, wance za ta faɗi. Matan da suka yi aiki ƙarƙashinshi sun ba da shaida daga baya cewa yana neman ƴan matan da ke hannunshi, wadda ta ƙi kuma sai ta ga wasa ya yi mata wuya. Mildred ta faɗi cewa yana bugunta. Ta daure shekara da shekaru, don ta san hanyar abincinta a hannunshi ta ke.

A 1951 masifa biyu suka sauka. A watan Yuli wata yarinya mai shekara 18, Janet Boyer, wadda Wolfe ya ɗauka kamar ɗiya har ya ba ta sunanshi, ta faɗi lokacin wasa a garin East Liverpool na Ohayo, ta rasu. A cikin shekarar kuma Mildred ta yi hatsarin mota, ta ji ciwo ƙwarai. A 1952 zama ya ƙi, suka rabu.

RANAR RABO

A farkon 1953 aka yi takarda. Mildred ta yarda ta biya dala 30.000 ta saye harakar, Wolfe kuma ya yi alkawarin barin kokowar mata har shekara 5. Ta kafa kamfaninta, tana ganin ta huta. Ba a daɗe ba Wolfe ya saɓa alkawari. Ya koma shirya wasa, ya janye ƴan matan ɗaya bayan ɗaya, don shi ya san masu zaure, shi suka saba sha da ci tare da shi. Cikin wata 8 kamfanin Mildred ya karye. Da maganar ta je gaban shari'a, Wolfe ɗin nan aka ba riƙon kamfanin.

A lokacin akwai wata babbar ƙungiya ta masu shirya kokowa, sunanta NWA, wadda aka kafa a 1948. Ita ke rabon yankuna, ita ke cewa wane ne sarki. Mildred ta kai kukanta gare su lokacin taronsu na 1953 a birnin Shikago. Amma dokar ƙungiyar ba ta yarda mace ta shiga zauren taro ba. Matar da ta shekara 16 tana cika masu aljihu ta zauna a barandar otel tana jira, Wolfe na ciki yana faɗin nashi. Kowa ya san yadda shari'a ke ƙarewa in mutum ɗaya kaɗai aka saurara.

Abu ɗaya ya rage a hannunta: sarauta.  Wolfe ya shirya wata gasa a Baltimo cikin 1953, ya ce wadda ta ci ita ce sabuwar sarauniya. June Byers ta ci, wadda ta auri ɗanshi, watau surukarshi. Mildred ta ce ba ta san wannan zance ba: sarautar kokowa bisa dandamali ake karɓar ta daga hannun mai ita.

DAREN ATLANTA

Ran 20 ga watan Agusta 1954 aka haɗa su a birnin Atlanta, jihar Jojiya. Sharaɗi: kaye biyu cikin uku. Kun tuna mun ce akwai ranar da ake ajiye tsari a yi da gaske. To, wannan ce ranar. Ba wadda ta yarda ta faɗi ma ƴar uwarta. Mildred na da shekara 39, ga gwiwa mai ciwo. June Byers na da 32, ta fi ta tsawo, ta fi ta nauyi, kuma ta daɗe tana shiri.

Ƴan kallon da suka saba ganin tsalle da jifa sun ga wani abu daban. Kokowar gaske ba ta da ado. Mata biyu sun sarƙe, kowace na neman ƙafar ɗaya, kowace na tsoron kuskure guda. Can gwiwar Mildred ta goce, June ta danne ta, alƙali ya ƙirga uku. Kaye na farko ke nan. Aka koma. June ta yi ta kai hari wajen gwiwar, Mildred ta yi ta karewa, ta ƙi faɗuwa. Bayan sa'a ɗaya da ƴan mintoci, hukuma ta tsai da wasan ba a yi kaye na biyu ba.

Nan gardama ta tashi, wadda har yau masana kokowa ba su gama ta ba. Mildred ta ce sharaɗi kaye biyu ne, an yi ɗaya, saboda haka sarauta na nan hannunta. Wolfe ya riga ta zuwa wajen jaridu, ya baza labari cewa June ta ci. Yawancin masu shirya wasa suka bi bayanshi. Ƙofofin da ke buɗe mata shekara 17 suka rufe. Ita dai har ta mutu ba ta yarda an karɓe mata sarauta ba.

IRIN DA TA SHUKA A JAPAN

Wata uku bayan daren Atlanta, a watan Nuwamba 1954, Mildred ta ɗauki ƴan kokowa mata ƙalilan, cikinsu har da Mae Young, suka tafi Japan. Sun iske ƙasa a shirye. Talabijin ta fara aiki can a 1953, kuma wani ɗan kokowa mai suna Rikidozan ya riga ya sa jama'a son wasan. Suka yi wasa a Tokyo, a babban zauren Kuramae inda a lokacin ake kokowar gargajiyar Japan, da Osaka, da wasu birane. Dubban mutane suka zo kallo. Bayan tafiyarsu aka riƙa kafa ƙungiyoyin kokowar mata a Japan.

Mildred ta kafa tata ƙungiya a Los Anjalas, sunanta WWWA. Ta bar hawa dandamali a 1956, ta buɗe makarantar koyon kokowa a unguwar Encino, cikin jihar Kalifoniya. Cikin ɗalibanta akwai Rhonda Sing ta Kanada, wadda ta je Japan ta yi suna. A 1968 aka kafa babban kamfanin kokowar mata na Japan. A 1970 sarautar WWWA, wadda ta samo asali daga ta Mildred, ta koma hannun wata ƴar Japan mai suna Aiko Kyo. Tun daga nan ta zama babbar sarautar mata a ƙasar, ana kiranta jar ɗamara. Manyan gwanaye sun ɗaura ta, irin su Jaguar Yokota, da Bull Nakano, da Aja Kong, da Manami Toyota. Kamfanin ya rufe a 2005, aka ajiye ɗamarar a 2006. Irin da aka hana shi tsira a gida, ga shi ya yi shekara 36 yana ba da amfani a wata ƙasa.

ƘARSHENTA

Billy Wolfe ya mutu a 1963. Mildred Burke ta rasu ran 18 ga watan Fabrairu 1989 a Los Anjalas, bayan bugun jini ya kama ta. Shekarunta 73. Ba ta bar dukiya mai yawa ba, kuma lokacin mutane kaɗan ne ke tuna ta a Amurka.

Daga baya aka waiwaye ta. A 2009 wani ɗan jarida mai suna Jeff Leen ya rubuta littafi guda bisa rayuwarta. A 2016 kamfanin WWE, wanda ya fi kowane girma a wannan sana'a, ya sa sunanta cikin jerin magabatan da ake girmamawa. A 2019, a babban bikin kamfanin na shekara shekara da ake kira WrestleMania, mata uku ne suka yi wasan ƙarshe, wanda shi ne wasan girma: Becky Lynch, da Ronda Rousey, da Charlotte Flair. Wannan ne karo na farko da aka ba mata wannan matsayi. A 2025 kuma aka fito da silima mai ba da labarinta.

To jama'a, kun ji labarin Mildred Burke. Ba a kada ta da ƙarfi ba, a wajen takarda da zauren taro aka ci ta. Shekara 17 tana aiki, amma sunan wani ke bisa harakar, wani ke riƙe da lissafi, wani ke zama da manya. Wannan abin dubawa ne ga duk mai sana'a, mace ko namiji, ɗan wasa ko mai saƙa ko mai tuyar ƙosai: ka san abin da gumin ka ke kawowa, ka san hannun da ya ke shiga, kuma ranar da za a yanke magana a kanka, ka tabbata kana cikin ɗakin.